Kujerar da Tayyib Ya Bari

Armaya'u mahauci ne ɗan mahauci. A Karare aka haife shi, ya taso yana riƙe wa babansa ƙafar akuya a wurin fiɗa, da ya yi aure ya dawo cikin Batsari ya kafa teburinsa a kasuwa. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma yana karanta Hausa sarai. Tun da ya sayi babbar waya ba ya rabuwa da ita. A cikin farar leda yake sa ta saboda maiƙo, yana shafa ta ta saman ledar tsakanin mai saye da mai saye.

Yana cikin mutanen farko da suka shiga Zauren Zumunci, wani dandali na WhatsApp da 'yan Batsari da Safana, na gida da na waje, suka buɗe don taimakon juna. Ba a biyan kowa. Aikin zauren shi ne neman mai ba da jini in an kai mara lafiya asibiti, da sanar da rasuwa, da cigiyar dabbar da ta ɓata. Da yake kasuwa ce matattarar labari, sau da yawa Armaya'u ke fara kawowa.

Shi da hannunsa ya sa Tayyib a zauren. Tayyib taubashinsa ne, ɗan ƙanwar babansa, malamin makaranta da aka tura Safana. Allah ya ba shi murya mai sanyi da iya jera magana. In ya aiko saƙon murya, har mata a gida sukan dakata da aiki su saurara. Kafin a jima, duk abin da ya taso sai ka ga an rubuta, "Bari mu ji ta bakin Malam Tayyib."

Wata ranar kasuwa aka kawo wata mai naƙuda asibiti daga Babban Duhu, jini ya ƙare mata. Armaya'u ya bar wa maƙwabcinsa tebur, ya hau babur, ya je ya ba da nasa. Yana zaune yana shan lemo don jiri ya sake shi, sai ga muryar Tayyib a zaure yana albishir cewa an samu jini, mace ta sauka lafiya. Addu'o'i suka yi ta zubowa: Allah ya saka wa Malam Tayyib, Allah ya ƙara irinsa. Armaya'u ya karanta su duka, ya mayar da wayar aljihu. A gida bai ci tuwo ba.

"Baban Nazifa, ba don Allah ka yi ba?" in ji matarsa Asama'u.

"Don Allah na yi. Shi kuma don wa ya karɓi godiyar?"

Da zauren ya girma, aka yanke a zaɓi kwamitin amintattu. Hajiya Zakiyya, ma'aikaciyar jinya 'yar Safana da ke zaune a Katsina, ita aka ɗora wa gudanar da zaɓen. Armaya'u bai taɓa tunanin takara ba, sai da ya ga an ba da sunan Tayyib a kujerar mai kula da agajin gaggawa. A take ya tura nasa.

Hajiya Zakiyya ta ce kowane ɗan takara ya aiko da saƙon murya ya faɗi manufarsa. Na Tayyib ya fito tas, kamar a rediyo. Armaya'u ya ɓuya bayan rumfa ya yi ta ɗauka yana gogewa, ya dai tura wanda ya ga ya fi. Ashe wani bunsuru da ke ɗaure kusa ya yi ta kuka a ƙarshen kowace magana tasa. Zaure ya cika da hotunan dariya. Wani ya rubuta cewa bunsuru ya riga ya jefa ƙuri'arsa. Tayyib ma ya sa dariya, wasan taubasantaka, kuma ita kaɗai ce ta tsaya wa Armaya'u a wuya.

Daga nan ya koma kamfe a kan tebur. Duk ɗan zauren da ya zo sayen nama sai ya ƙara masa gyara, tsoka ko guntun hanta, sannan ya rage murya.

"Malamin naku fa, ko sauro bai taɓa samun jininsa ba. Baki ne kawai."

Maganar ta kai Safana. Ana gobe zaɓe Tayyib ya aiko da murya. Ya ce ya janye. Ya ce gaskiya ne bai taɓa ba da jini ba, likita ya hana shi saboda lalurar da yake da ita, kuma duk albishir ɗin da ya sha yi, jinin Armaya'u ne da man babur ɗinsa, kuskurensa ne da bai riƙa faɗin suna ba. Ya roƙi kowa ya mara wa ɗan'uwansa baya.

Armaya'u ya ci kujera ba hamayya. Ya zauna yana jiran barka. An yi masa, ba a ce ba a yi ba, amma a kan kowace barka ɗaya akwai dogon yabo ga Tayyib: dattako, sanin ya kamata, ga mutumin da mulki bai dame shi ba. Wani dattijo daga Yasore ya zo sayen nama, ya kama hannunsa ya ce, "To, ka riƙe amanar da Malam ya ba ka."

Ya riƙe ta kuwa. Ya bi 'yan acaɓa da matasan kasuwa ya sa aka gwada jininsu, ya san wa zai kira in ta taso. Ko masu yi masa dariya sun yarda kujerar ta samu mai ita. Shi kaɗai ne bai yarda ba.

Da wa'adi ya kusa cika, ya saka riga mai tsabta ya tafi Safana. Ya samu Tayyib a gindin bishiya a harabar makaranta yana duba aikin ɗalibai. Suka gaisa, aka tambayi iyali da mutanen Karare, sannan Armaya'u ya ce, "Zuwa na yi in roƙe ka. Ka tsaya takara bana."

"In tsaya da wa?"

"Da ni. Kuma kada ka janye. In kayar da kai, ko ka kayar da ni, kowa ya gani."

Tayyib ya yi dariya har ya ajiye jan biro. "Kai dai Armaya'u! Aikinka kake yi, kowa ya shaida. Ni ba zan tsaya ba. Ƙuri'ata ma taka ce."

"Ba na so."

"Sai ka hana ni jefawa."

Armaya'u ya tashi ya tayar da babur. Tayyib ya biyo shi har bakin ƙofa yana cewa a gaida Asama'u, a ajiye masa ƙafar saniya ranar kasuwa. Armaya'u ya ce to, bai waiwayo ba. Bana ma shi kaɗai ne a kan kujerar.