Sa Hannun Gualter a Ƙofar Coci

Shekara talatin da ɗaya Gualter Dutra ya yi yana lauyan gwamnatin tsibirai, kuma a iya sanina ba wanda ya taɓa karanta rubutunsa har ƙarshe. Sakataren gwamnati zai yanke hukunci ranar Litinin, ranar Laraba a aiko wa Gualter ya faɗi ko doka ta yarda. In ya ce ta yarda, a yaba basirarsa. In ya ce a'a, a jefa takardar a durowa, a tambaye shi ya gwiwarsa.

Ɗan masunci ne. Wansa Belmiro ne ya bar makaranta ya shiga kwalekwale, don Gualter ya tafi Lisbon karatu.

Saura shekara biyu ya yi ritaya gwamnati ta ƙyalla ido a kan gangaren dutsen garinsu, inda masunta ke jawo kwalekwalensu tun kakanni. Za a gina wa jiragen 'yan yawon buɗe ido matsaya. Gualter ya rubuta shafi arba'in cewa wurin na jama'a ne, ba a taɓa shi.

"Dakta, ka yi aiki," in ji sakatare. "Har nauyi gare shi."

"Ranka ya daɗe, ka karanta?"

"Na ɗaga shi dai."

Shawarar lauya sirrin ofis ce. Sanarwar tashin masunta daga wurin kuwa a ƙofar coci ake liƙa ta, da sa hannun lauyan ofis a ƙasa. Kwana uku takardar sanarwar tana kan teburinsa. Ya ce wa kansa in ya ƙi wani zai sa, kuma gaskiya ne. Ya sa.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci Belmiro ya buga waya.

"Ƙane, ka iya sa hannu fa! Ashe ba a banza na sha ruwan gishiri ba."

"Yaya, na rubuta musu a'a."

"Ina takardar?"

"Ba ni da ikon nuna ta."

"To, wadda aka nuna mana mun gani."

Belmiro ya sayar da kwalekwalen. Bai ƙara bugo waya ba.

Da Gualter ya yi ritaya ya koma gida lokacin bikin Ruhu Mai Tsarki, ranar da ake zuba wa kowa romon naman shanu da burodi, ba a korar ko maƙiyi. Ya lissafa cewa nan dai dole a kula shi. Belmiro ne ke riƙe da ludayi. Ya dubi ƙanensa sama da ƙasa, ya juya ga mutanen benci.

"Ku matsa wa baƙo mana."

Suka matsa sosai, har wurin mutum uku. Gualter ya zauna a tsakiya, ya cinye romonsa tas.