Dutsen da ya ci wayar jita

Matso kusa ka ji, wannan labari ba na tsaye ba ne.

Shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kowa na rububin rediyo, muna zaune a Birnin Kudu, katanga ɗaya da wani malamin asibiti, Kirista, mutumin kudu. Likita muke ce masa. Yana da jita, kullum bayan la'asar sai ya zauna ƙofar gida yana kaɗawa. Maigidana kuwa makaɗin garaya ne, shi ake kira wajen gayya. Ni ban cika fita ba, daga madafi nake shan kiɗansu.

Da Likita zai tafi gida Kirsimeti, ya bar wa maigida jitar amana, tare da wata 'yar roba da ake kaɗa wayoyin da ita. Ba a jima ba robar ta faɗa murhu ta narke. Maigida ya gwada guntun ƙirgin da yake kaɗa garaya da shi, sautin ya fito a toshe. Ran kasuwar Gwaram sai ga shi ya dawo da wani baƙin dutse falale da ya tsinto a bakin rafi. A dutsen niƙana ya wasa shi, har tuwon ranar sai da ya yi ƙasa-ƙasa.

Gaskiya dutsen ya yi murya, garau kamar an buga tasa. Amma a ƙarƙashin kiɗan ina jin wani ƙarat-ƙarat.

Na ce, "Malam, dutsen nan cin wayar yake yi."

Ya ce, "Ke da muciya kika sani, yaushe kika zama sarkin makaɗa?"

Na koma madafi. Bayan 'yan kwanaki siririyar wayar ta ce tas! Ga kayan amana, ga shi sai Kano ake samun irinta. Mutumin nan ko abinci ya daina ci sosai. Daga ƙarshe ya je wajen mai gyaran keke, ya warware wayar birki, ya zaro sili ɗaya ya ɗaura. Dutsen kuma ya zauna ya goge bakinsa da toka da ƙirgi har ya yi santsi kamar ƙwai.

Ranar da Likita ya dawo, maigida ya kai masa jitar, ina laɓe bayan zana. Kafin mai kaya ya taɓa, ya ce, "Likita, na yi ɓarna. Robarka ta ƙone, ga dutsen da na wasa a madadinta, wayarka ɗaya kuma ta keke ce."

Likita ya duba wayar. Ya karɓi dutsen ya jujjuya, ya kaɗa a hankali. Sai ya kwashe da dariya.

"Sarkin garaya, yanzu jitata har birki gare ta! Waya ai tsinkewa take yi ko a hannuna. Amma na ci ka tarar dutsen nan, ba zan mayar ba."

Da shi ya ci gaba da kiɗa har aka yi masa canjin wurin aiki. Maigida kuwa ya shigo ya cinye tuwo malmala biyu, bai ce mini uffan ba a kan wadda ta fara jin ƙarat-ƙarat.

To kai, da a hannunka wayar ta tsinke, za ka faɗa kafin mai kaya ya taɓa, ko jira za ka yi kunnensa ya gaya masa?