Ranar da aka ce uwar ɗan fari ta miƙe

Shekarun baya, muna haya a Takoma Park, nan ƙasar Turawa, ɗana na fari ya gama karatun kiɗa a jami'ar College Park. Ni dai har ya gama, abin da nake gaya wa 'yan gida shi ne yana koyon badujala. Aikinsa na ƙarshe wani dogon kiɗa ne da ya tsara wa mabusa da makaɗa cike da dandali. Ya raba shi gida huɗu, kowane kashi don mutum guda: malamar sakandaren da ta fara miƙa masa ƙaho, malaminsa na jami'a, mahaifinsa da ya rasu, sai ni a ƙarshe.

To ni Bakatsiniya ce, da kunyar ɗan fari aka raine ni. Ban taɓa faɗin sunansa ba, sai dai in ce wa ƙannensa "yayanku". Ba na yabonsa a gaban mutane, in an yabe shi ma sai in kawo zancen tsadar fetur. Shi kuwa a nan ya tashi, inda uwa ke rungume ɗanta a ƙofar makaranta tana gaya masa tana sonsa.

Ana gab da ranar bikin da za a kaɗa shi, ya same ni a kicin.

"Umma, kafin kowane kashi, jagoran makaɗan zai ce wanda aka yi dominsa ya miƙe."

"A gaban jama'a?"

"Miƙewa ce kawai, Umma."

"Ƙanwarka ta miƙe a madadina mana."

Sai ya koma Turanci, yadda yake yi in ransa ya ɓaci. Ya ce tun yana yaro yake tambayar kansa ko ina alfahari da shi, kuma in ban miƙe ba zai daina tambaya. Na ji tsoro sosai.

Ina cikin wannan, sai ƙanin mijina da ke Mitchellville ya ɗauko surukata Hajiya daga Katsina don bikin. Mijina shi ne ɗanta na fari. Har ya koma ga Allah ba ta faɗi sunansa ba, a zaman makokinsa ma ba wanda ya ga hawayenta. A zauren, kusa da ita aka zaunar da ni.

Malamar sakandare ta miƙe tana ɗaga hannu ko'ina. Malamin jami'a ya miƙe ya dafa ƙirji. An ce kiɗan nasu ya yi daɗi, ni dai zufa nake yi ina lissafin yadda zan miƙe a gaban Hajiya don ɗan fari ya yabe ni.

Da aka zo kashi na uku, jagoran ya ce mahaifiyar marigayin tana nan, daga Najeriya ta zo. Ƙanin mijina ya sunkuya ya fassara mata. Hajiya ta gyara mayafi, ta kafa wa ƙafafunta ido. Zauren ya yi tsit, mutane suna ta waige-waige. Ɗana yana layin gaba, ya juyo yana kallonmu. Jagoran ya jira, ya ƙara jira, sannan ya ɗaga 'yar sandarsa.

Manyan ƙahonin suka fara a hankali, can ƙasa. Sai wata sarewa ta shigo da irin fiton da mijina ke yi in yana wanke mota. Hajiya ta san shi, ashe tun yana yaro yake yin sa. Na ga carbin hannunta ya tsaya.

Aka gama, jagoran ya juyo ya ce saura kashi na huɗu, na uwar mai kiɗan. Ɗana bai ma juyo ba wannan karon, ƙeyarsa kawai nake gani.

Hajiya ba ta kalle ni ba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Nawa ya tafi bai taɓa ji a bakina ba. Na zaci da sauran lokaci. Tashi, 'yar nan."

Na tashi. Ba wani tashin kirki ba ne, jakata ta faɗi, mukullai suka watse, mayafina ya maƙale a kujera. Tafin da aka ɓarke da shi ne ya sa ya waiwayo. Ya gan ni a tsaye, ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa.

Ban raina kunyar da aka koya mini ba. Amma a gida ta yi aiki ne saboda kowa ya san abin da ke bayanta, kaka da goggo za su gaya wa yaro uwarsa tana sonsa. Nawa ba shi da mai gaya masa, shiru kawai yake ji.

Har yau sunan nan ba ya fita a bakina. Amma kwanaki a wajen wani bikin suna, wata mata ta ji kiɗan a wayata, ta tambaye ni wa ya tsara shi. Na ce, "Ɗana ne, na fari."