Duwatsun Murjanin Kawu Mohamadou

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, ɗan gari da baƙo. A ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, daidai da sha huɗu ga Rajab, bayan azahar da kaɗan, Allah ya karɓi ran Alhaji Mohamadou, mutumin Garwa, mai sayar da kayan gyaran firji a Awendjé, a nan Libreville. Ya rasu a asibiti bayan kwana uku yana fama da numfashi. Ya bar matarsa Hajiya Nafissatou da 'yarsu Yasmine mai shekara tara, wadda ita ma sai jiya aka sallamo ta daga asibitin. Sunana Salif, mai yankan gilashi a unguwar London. Karatuna bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, amma ya daure ya karanta har ƙarshe, domin akwai maganar da ta shafi ran wani a ciki.

Kawu, shekara shida ke nan da ka shigo shagona da wata takarda a ninke a aljihu. Ka ce in haɗa maka akwatin gilashi mai tsawon mita ɗaya da rabi, wanda zai riƙe ruwan gishiri bai ɗiga ba. Na ce ban taɓa yi ba, ni taga da madubi na sani. Ka ce, "To yau ka fara. Amma in ya fashe a falo, Hajiya za ta kore mu ni da kai, kuma a shagon nan naka zan tare." Na farko ya tsage a gwaji, ruwa ya malale tsakar gidanka. Na tsaya ina jiran faɗa. Sai kawai ka naɗe ƙafar wando, ka ɗauki tsintsiya, ka ce in je in sake da gilashi mai kauri. Daga ranar ban ƙara kiranka Alhaji ba, sai Kawu, kai ma ba ka ƙara barina na ci abincin Juma'a ni kaɗai ba.

Ni a sanina murjani abin wuyan mata ne. A gidanka, da ka zuba shi a cikin akwatin nan, na gane abu ne mai rai, yana ci, yana girma a jikin dutse, yana kuma mutuwa. Akwai mai rassa kamar ƙahon barewa, akwai mai laushi da ke kaɗawa in famfon da ke juya ruwan akwatin ya turo ruwa, akwai wasu ƙanana masu kama da maɓallan riga, kore da ruwan ƙasa, da suka shimfiɗu a kan duwatsun. 'Yan kasuwa suna yi maka dariya, suna cewa ga teku a bakin gari kyauta amma Alhaji ya je ya gina tasa a ɗaka. Kai kuwa sai ka ce mutumin da ya tashi yana ɗebo ruwa a yashin kogi da rani, in ya samu teku dole ya kai ta gida.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da aka ɗauke wuta tun safe, shekara biyu da suka wuce. Murjani ba ya jure zafi, kuma in famfo ya tsaya ruwan yakan mutu. Shi ya sa ka ajiye ɗan janareta domin akwatin kawai. Da hantsi maƙwabcinka Seth, mai aikin wutar lantarki, ya shigo a rikice: mahaifiyarsa tana kwance da na'urar numfashi, batirin ya kusa ƙarewa. Ba ka tsaya tunani ba, ka zare wayar famfon da hannunka, muka ɗauki janaretan muka kai gidansa. Muka dawo muka wuni muna kwarfar ruwan da kofi muna mayarwa, muna jefa robobin ƙanƙara a ciki. Duk da haka cikin mako guda mai rassan nan ya yi fari fat kamar ƙashi, wanda ka yi shekara uku kana reno. Seth ya zo ba da haƙuri. Ka ce masa, "Tsohuwa ta ci abinci yau?" Ya ce ta ci. Ka ce to maganar ta ƙare. Farin murjanin kuwa ka ɗora shi a kan talabijin, ba ka sake ambatonsa ba.

Amma wani abu ya shigo akwatin bayan wannan asarar, wanda bai bar ka ka huta ba har ƙarshe. Ni na fara ganinsa, ina goge gilashi: wani ɗan ƙwaro mai kama da fure, launin ruwan shayi, da siraran yatsu, a cikin ramin dutse. Da na kai hannu sai ya shige ciki. Ka ce sunansa aiptasiya, amma mu a gidan "baƙon" muke ce masa. Yana harbin murjanin da ke kusa da shi har ya rufe ya ruɓe. In ka tsinke ɗaya, biyar su fito. Ka yi masa allurar ruwan lemun tsami da sirinji, ɗaya bayan ɗaya, gwiwarka a ƙasa. Ka sa aka kawo maka wasu jatan lande da aka ce suna cinsa, suka zauna suna cin abincin kifi suna ƙiba. Hajiya takan ce, "Alhaji, baƙin naka sun fi masu gida yawa." Kana dariya, amma na ga dariyar tana raguwa. Kowace Juma'a in na zo, sai na tarar da wani gurbi a jikin dutse inda da akwai rai.

Abu ɗaya ne baƙon bai iya ci ba, wato masu kama da maɓallan nan. Su kam ƙaruwa ma suke. Wata rana na taɓa su da yatsan da gilashi ya yanke ni. Hannuna ya kumbura, na wuni bakina yana ɗanɗanon ƙarfe kamar na tsotsi ƙusa. Na ɗauka yankan ne ya yi ruwa. Ban gaya maka ba, Kawu. Wannan shirun nawa yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kansa.

Ranar Asabar, sha ɗaya ga wata, haƙurinka ya ƙare. Mu duka mun san yadda ake yi da kuɗin cizo a gidajenmu: a fitar da gado, a tafasa ruwa, a kwara masa. Haka uwayenmu suka yi, haka muka tashi muka gani, kuma yana yi. Ka ciro duwatsu uku da baƙon ya fi cinyewa, ka sa a babbar tukunya, ka ɗora a kan gas a kicin. Ana ruwan sama, tagar a rufe. Hajiya ta tafi kasuwa. Yasmine tana zaune a bakin ƙofar kicin tana aikin makaranta. Kai kuma kana tsaye a kan tukunyar kana juya duwatsun da ludayi, ga ka dama da ciwon asma.

Kafin magariba kana tari, jikinka yana rawa. Yasmine ma zazzaɓi ya rufe ta. Kyanwar gidan, da ke kwana a ƙarƙashin teburin kicin, aka tsince ta a mace da safe. Hajiya kaɗai ce ba abin da ya same ta. Ranar Lahadi da muka kai ku asibiti, na durƙusa kusa da gadonka, ka janye abin numfashin ka ce, "Salif, bakina ƙarfe-ƙarfe yake yi." Nan take na tuna ranar da na taɓa masu kama da maɓallan nan. Na jera abin a raina: wanda ya fi kusa da tukunya shi ya fi jin jiki, wanda ba ya gida lafiyarsa ƙalau. Na gaya wa Seth, ya duba a wayarsa, ya nuna wa likita. Likitan ya karanta, ya ce lallai akwai irin wannan murjanin mai dafi, kuma in an tafasa shi dafin yana bin tururi ya shiga huhu. Ya ce ba shi da maganin karya shi, sai dai su taimaki numfashi su jira. Ajali na Allah ne, ban ce ba haka ba. Amma na ga hanyar da ya biyo.

Maganarka ta ƙarshe da ni ranar Litinin ce. Ka riƙe hannuna ka ce, "Kada ka bar famfon ya tsaya." Na ce to.

Ranar Juma'a, washegarin sadakar uku, na shigo gidan na tarar da yayarka Gwaggo Hadidja, wadda ta iso daga Garwa, ta ɗora ruwa a wuta a tsakar gida, mata zagaye da ita suna gyaran shinkafa. Ta ce za ta ƙona duk abin da ke cikin akwatin, domin an gaya mata mutanen ruwa ne ƙanenta ya ajiye a ɗaka suka ɗauke shi. Na ce, "Gwaggo, don Allah a sauke ruwan nan." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ɗan gilashin? Kai ka gina musu ɗaki, yanzu kuma ka zo tsaronsu?" Na yi bayani iyakar iyawata. Ta ce ita ta haifi takwas, ba ta taɓa jin inda ruwan zafi ya ƙara wa ƙazanta ƙarfi ba. Ban iya jayayya da babba ba, sai na je na zauna a ƙofar falon da akwatin yake. Tukunya tana tafasa, ina zaune. Daga can cikin ɗakin takaba Hajiya Nafissatou ta ɗaga murya a hankali ta ce, "Yaya, a ba shi makullin falon. 'Yata tana dawowa gidan nan gobe."

Kawu, na karya maka alkawari. Na kashe famfon da hannuna. 'Yan kifayen da ke cikin akwatin na kai su gidan Seth a bokiti, suna nan da rai. Duwatsun kuwa, ni da Seth muka sa safar roba, muka rufe hanci da ido, muka fitar da su bayan gida inda iska ke kaɗawa, muka nutsar da su a ruwan jabel mai sanyi, wato bilicin wanke kaya, har da na cikin tukunyar da ita kanta tukunyar. Ina kallo launukan da ka yi shekara shida kana reno suka koɗe cikin awa ɗaya. Na san da kana nan, ka ga Yasmine yadda ta rame, da kai za ka riga ni zare wayar. Duk da haka ka yafe mini.

To ga abin da ya sa na ce a karanta har ƙarshe. Duwatsun nan ni na jera su tun farko, na san su ɗaya-ɗaya, sha ɗaya ne. Uku a tukunya, bakwai a akwati. Na ƙirga sau uku, goma nake samu. Da na tambayi Hajiya ta bayan labule, sai ta tuna: a watan jiya wani mutum ya zo sayen kayan firji, ka kawo shi gida cin abinci kamar yadda ka saba. Ya ce yana aiki a wajen lodin katako a Owendo, yana da ƙaramin akwati a ɗakinsa, 'ya'yansa suna so. Ka ba shi dutse ɗaya a bokiti, cike da maɓallan nan, kyauta. Ba ta ga fuskarsa sosai ba, ba ta san sunansa ba, Hausarsa dai ta ce irin ta wanda ya koya a kasuwa ce. Kuma safiyar Asabar ɗin nan, kafin ta fita, ta ji kana waya da shi. Yana kukan baƙon ya bayyana a nasa. Ta ji ka ce, "Ruwan zafi ne maganinsu, yau zan yi wa nawa."

Wayarka a kulle take, ba wanda ya san lambar buɗe ta. Na yi kwana biyu ina yawo a Owendo, daga wajen katako zuwa masallatai, ina tambayar mai akwatin kifi a ɗaka. Ba wanda ya san shi. Don haka duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, ya tura, ya karanta wa wanda bai iya ba, ya faɗa da Faransanci ga wanda ba ya jin Hausa. Bawan Allah, in kai ne, kada ka tafasa dutsen, kada ka kwara masa ruwan zafi, kada ka kankare shi, kada yaro ya sa hannu. Ka nemi shagon gilashin Salif a London, zan zo da kaina in ɗauke.

Allah ya ji ƙanka, Kawu Mohamadou. Allah ya sa wahalar numfashin nan ta kwana uku ta zama kankarar zunubi, ya yalwata maka kabari, ya sanyaya shi, ya saka maka da abincin da ka ciyar da mu baƙi da janaretan da ka kai gidan maƙwabci. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Nafissatou, Allah ya ba ta juriyar takaba a ƙasar da ba dangi kusa. Ga Yasmine, Allah ya cika mata lafiya ya raya ta. Ga Gwaggo Hadidja da dukan dangi a Garwa. Ga 'yan kasuwar Awendjé da Seth da iyalinsa. Kyautar nan kuma da ka yi da zuciya ɗaya, ya Allah ka tsare gidan da take, ka isar da saƙon nan can kafin a ɗora tukunya. Amin.