Mikiyar da ta durƙusa wa Kawu

Jama'a, yau asirin wani ya tonu a filin besbol!

Na kai Kawu Sale kallon wasa. Kun san mutumin nan da ke shiga rigar ƙatuwar mikiya yana tsokanar 'yan kallo? Shekara da shekaru mikiyar nan ba ta taɓa magana ba, sai rawa da fizge huluna. Ta biyo layinmu, ta miƙo fiffike za ta cire hular Kawu. Sai ta ƙame. Wallahi mikiya ta tuɓe takalma ta durƙusa! Daga ciki muka ji, "Baba, ina wuni?"

Ashe Bashir ne, ɗansa, wanda ya ce a ofishin gwamnati yake aiki a Greenbelt!

Kawu ya kalle shi sama da ƙasa, ya ce, "Lafiya lau. Ya ofis?"