Ƙarfin Hannun Dunoma

Dunoma mai faci yana zama a ƙarƙashin wata darbejiya kusa da tashar Babura, da injin iska da jak da tarin tsofaffin tayoyi. Iyayensa daga Borno suka zo tun yana goye, don haka Hausarsa ta nan ce, sai dai idan ya fusata yakan zarce da Barbarci. Ƙato ne, kuma ba shi da yawan magana. A ƙuruciyarsa dako yake yi a kasuwar hatsi, inda ake cewa yana saɓa buhun gero ba tare da an ɗora masa ba. Da gwiwarsa ta fara ciwo sai ya koyi faci.

Abin da ya fito da shi shi ne ɗaurin noti. Idan ya mayar da taya, yakan zura dogon bututun ƙarfe a sifana, ya hau kai da ƙafa ɗaya, ya danna har sai ƙarfen ya yi ƙara. Direbobi na son haka. Sukan ce tayar da Dunoma ya ɗaure ko a ramukan damina ba ta motsi. Shi ma yana jin daɗin wannan yabo, ko da yake ba ya nunawa. A ganinsa amana ce, mata da yara za su shiga motar, gara ya ɗaure da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Wata rana da kaka, Alhaji Zubair, direban bas da suka daɗe tare, ya ɗauko fasinja da buhunan riɗi zai nufi Kazaure. Bai kai Kanya Babba ba tayar baya da Dunoma ya ɗaure ta fice, ta gangara cikin wata gonar wake. Motar ta ja ƙasa ta tsaya a gefen hanya. Allah ya kiyaye rai, amma wata dattijuwa ta karye a hannu.

Da labari ya iso, Dunoma ya hau babur ya je wurin. Ya tarar notin ba su kwance ba, kusoshin da ke riƙe tayar ne suka katse, notin na manne da guntayensu. Ya tsince su ya tafi Kazaure wajen Emma, bakaniken da ke sayar da kayan gyara, da niyyar ya ce masa kayan yanzu ba su da ƙwari.

Emma ya jera guntayen kusa da wata sabuwar kusa. Ya nuna masa yadda tsofaffin suka yi siririn wuya, haƙoransu suka buɗe, da tsatsar da ta ci rabin wurin karayar, alamar tsagewar ta daɗe. Ya ce lodi ya taimaka, haka ma ƙasa da tsatsa da ke maƙalewa a bayan wili, wato ƙarfen tayar, idan ba a goge ba.

"Baba Dunoma, ƙarfe ma yana miƙewa," in ji Emma. "Idan ɗauri ya wuce kima, kusar ta gaji tun motar ba ta tashi ba."

Dunoma bai yi gardama ba. Ya yi godiya, ya zuba guntayen a aljihu ya koma gida.

Kwanaki bai buɗe wurin aiki ba. Ya je ya gaida dattijuwar a gidan ɗanta, ta ce masa ƙaddara ce, amma hakan bai sauke masa nauyin ba. Matarsa Ya Kura ta ga yana tura tuwo gefe. Da ya gaya mata abin da Emma ya ce, sai ta tambaye shi sauran motocin da ya ɗaure fa, ba suna kan hanya ba?

Washegari ya shiga tasha yana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon su bari ya kwance ya duba. Wasu suka yarda, aka kuwa samu kusoshi masu siririn wuya aka canza. Wasu suka ce ba su da lokaci. Alhaji Zubair kuwa, da aka gyara motarsa, wajen Dunoma ya fara kawo ta.

Yanzu Dunoma ya bar hawa sifana. Yakan goge bayan wili da burushin waya, ya fara murza noti da yatsu, ya ɗaure wannan sannan na ɗaya ɓangaren, a hankali, kuma ya ce wa direba ya biyo idan ya dawo daga lodin farko a sake taɓawa. Matasan direbobi sun ce hannun tsoho ya mutu, da yawa sun koma wajen masu injin ɗauri a bakin titi. Aikinsa ya ragu. Idan babu mota, yakan ja benci ya zauna da masu babur, yana yi musu facin tayoyinsu ana hirar farashin riɗi.