Likkafanin Mma Abiba

Duk wanda ya zauna unguwar Maamobi a shekarun tamanin ya san Fatawu mai gyaran takalma, wanda yake zama a bakin gota, wato kwatar ruwa, kusa da tashar motocin haya na trotro. Yara suna kiransa Alhaji Ƙafa, don a ƙasa ya je Makka. Shi kuwa bai taɓa amsa sunan ba. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

A farkon shekarun saba'in ya tashi. Lokacin masu hali sun fara hawa jirgi, amma Fatawu ba shi da komai sai basilla da zare da taurin kai. Ya samu tsohon tampol na mota ya ɗinka jakar goyo, ya yi mata hannaye da robar taya. Ya zuba gari, da buta, da kayan aikinsa, ya naɗe tabarma a sama. A can ƙasan jakar kuma ya shimfiɗa farin yadi da mahaifiyarsa Mma Abiba ta saya a kasuwar Makola. Tsofaffinmu suna son a wanke musu likkafani da ruwan Zamzam, a ajiye sai ranar da za a naɗe su.

"Ban ce ka kawo zinari ba, ban ce ka kawo darduma ba," in ji Mma Abiba a ƙofar gida. "Wannan kawai. Kar ka bar kowa ya taɓa shi koraa, ko da wasa. Zan jira ka."

Abokin tafiyarsa Hudu ne, Ba'adare mai sayar da goro a Nima, wanda ya bar matarsa Ikilima da goyo. Suka bi ta Lome, suka hau Kano, suka wuce Maiduguri, suka shiga Chadi. Inda aka samu mota a hau, inda babu a taka. Fatawu ya ba ni labarin kwanan gindin bishiya, da rijiyar da suka tarar da mushen jaki a ciki suka sha duk da haka, da yadda igiyar jaka ta ci masa kafaɗa har ta bar tabo. Da zazzaɓi ya kayar da shi a hanyar Abeche, Hudu ne ya ɗauki jaka biyu, ya riƙa jansa kamar akuya mai gardama. A Sudan suka yi shekaru suna tsinkar auduga kafin su sami tsallake teku.

Sun yi aikin hajji. Fatawu ya jiƙa yadin da hannunsa, ya shanya, ya tsaya a kansa cikin rana har ya bushe.

A hanyar dawowa ne gudawa ta kama Hudu, a wani ƙauye bayan Alfashir, inda ko gishiri sai an roƙa. Bai daɗe ba ya cika. Limamin ƙauyen ya wanke shi, ya juyo ya tambayi Fatawu ko yana da farin ƙyalle, don su ba su da ko kamu ɗaya. Fatawu ya ce babu. Aka naɗe Hudu a cikin rigarsa mai datti da tabarmar kwana, ƙafafunsa a waje. Jakar tana bayan Fatawu har aka gama tura ƙasa.

Ya ce min amana ce. Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Da ya iso Maamobi, baƙi ƙirin, ƙashin wuya a waje, sai ya tarar da ɗakin Mma Abiba an ba ɗan haya. Ta rasu tun yana tsinkar auduga. Ƙanensa Sulemana, wanda ya kama kasuwancin kayan mota a Adabraka, ya riga ya je Makka ta jirgi ya dawo cikin wata guda da haƙorin zinari, ya kawo mata wani yadin. A cikinsa aka sa ta.

"Mma ta yi ta tambayarka paa, ba dare ba rana," in ji Sulemana. "Amma mutuwa ba ya jiran mai ƙafa, Yaya."

Washegari Fatawu ya tafi Nima wajen Ikilima da yadin a hannu. Har yau ban gane abin da ya sa ya kai mata ba. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta yi kuka ba.

"Da me aka rufe shi?"

Ya faɗa mata.

Ta dubi farin yadin. "Wannan yana ina a ranar?"

"Yana cikin jakata."

"To, mayar da shi can," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Daga nan ya koma bakin gota ya zauna. Bai yi aure ba, bai shiga sahun gaba a masallaci ba. Sau da yawa ya riƙe hannuna yana cewa, "Ranar da na mutu, ku sa ni a komai, ko buhun gawayi ne, amma ban da wannan. Ka ji ni?" Na ce na ji.

Ya rasu a damina, cikin shekarun casa'in. Kafin labari ya same ni a wurin aiki in iso, 'ya'yan Sulemana sun buɗe tsohuwar jakar, sun ga yadin, sun yanka, an gama naɗe shi. Na tsaya a tsakar gida ina faɗa musu abin da ya ce. Sulemana ya dafa ni ya ce kada in ta da hankalin jama'a a kan surutun tsoho.

Aka ɗauke shi. Duk hanyar maƙabarta mutane suna ta faɗin irin dacen da Fatawu ya yi, talaka futuk amma ya samu likkafanin Zamzam.